WANKAN JEGO DA AWON CIKI A ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

Wannan ɗan littafi an tsamo shi ne daga cikin jawaban kiwon lafiya da a ke yi muku ta rediyo, aka buga shi domin wanda ya zo ɗakin shan magani ya samu ya tafi da shi gida. In kin iya karatu, ki karanta wa abokiyar zamanki da surukarki. In ba ki iya ba, ki ba maigida ko wani ɗan makaranta ya karanta muku da dare bayan an ci tuwo. Maganar ciki ce da haihuwa da jego, kuma ta hanyar tarihi za mu bi, gama ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi tana da labari a cikin littattafan likitocin duniya wanda yawancinmu ba mu sani ba. Wanda ya ji labarin, zai fi gane dalilin da ya sa ma'aikatan asibiti su ke ta nanata wasu maganganu.

Yadda aka saba tun kaka da kakanni

A zamanin da, mace in ta sami ciki sai ta ɓoye, musamman in na fari ne, saboda kunya da tsoron baki. In cikin ya tsufa a kan kai ta gidan iyayenta goyon ciki. Ran haihuwa ita kaɗai ta ke durƙusawa a ɗaki, ba ta ko ɗaga murya, don kada a ce raguwa ce. Sai jariri ya faɗo sa'an nan a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke shi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki.

Daga nan sai jego. A kan tafasa ruwa a babbar tukunya, mai jego ta yi wanka da shi safe da yamma, tana tsoma ganyen tsamiya ko na darbejiya tana fyaɗawa a jiki. Ta fito ta sha kunun kanwa, ta ci nama mai yaji. A wannan yanki namu har da gadon ƙasa wanda a ke hura wuta a ƙarƙashinsa, ta kwanta a kai. Haka za a yi ta yi har kwana 40, mai haihuwar fari kuwa wani lokaci har wata 3 ko 4. Wata tsohuwa da a ke kira Baba ta Karo, wadda ta zauna a Giwa a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a littafi a 1954. Wanda ya duba zai ga goyon ciki da wankan jego da kunyar ɗan fari kusan kamar yadda mu ke yinsu yau.

Iyayenmu ba don mugunta suka shimfiɗa wannan al'ada ba. Abin da su ke tsoro shi ne sanyi. Sun ɗauka haihuwa ta kan bar jikin mace ɗanye, in ba a gasa shi ba sanyi ya shiga, ta kumbura, ko ta ruɓe daga ciki. Kuma a cikin jego akwai alheri babba wanda babu likitan da zai ce a bari. Mace ta kan huta kwana 40, ba daka, ba surfe, ba ɗaukar ruwa. A kan ba ta abinci mai kyau, kuma akwai tsohuwa kusa da ita dare da rana. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ciwon kumburi na masu jego

A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya iso Funtuwa daga Zariya, cinikin auduga ya bunƙasa, garin ya cika. Sannu a hankali En'e ta buɗe ɗakunan shan magani a manyan garuruwan gundumomi, amma mata ba su cika zuwa ba, balle a kan maganar haihuwa. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ba da daɗewa ba aka soma koyar da aikin likita a can, mutanen ƙasarmu suka fara kai marasa lafiyarsu.

A nan ne likitoci suka lura da wani abu da ya ba su mamaki. Ana ta kawo musu mata masu jego, ƙafafu da fuska da ciki duk a kumbure, suna tari, numfashi na sarƙewa, ba su iya kwanciya sai a zaune. Da aka duba sai aka ga zuciya ce ta gaji, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a jiki da huhu. Likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka bi diddigin mata 224 masu wannan ciwo a Zariya tsakanin 1969 da 1972. Suka lissafa kamar mace 1 cikin 100 da suka haihu a wajen Zariya ta kan kamu, alhali a ƙasashen Turai sai an yi haihuwa dubbai kafin a ga guda. Suka kuma ga ciwon ya fi yawa a lokacin zafi da damina. Suka tambayi asibitocin Nijeriya, suka buga sakamakon a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974, inda suka nuna ciwon ya fi yawa a wajen Zariya da Malumfashi, watau daidai inda aka fi tsananta wankan ruwan zafi da gadon wuta da kanwa.

Ga yadda suka bayyana dalilin. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, in ta yi yawa a jiki ta kan riƙe ruwa, jini ya ƙaru, zuciya ta sami ƙarin kaya. Zafin wanka da na gado kuwa ya kan buɗe hanyoyin jini na fata, zuciya ta dinga bugawa da sauri. Ga ta kuma ba ta gama hutawa daga aikin wata 9 ba, sau da yawa ga ƙarancin jini, ga hawan jini. Jakin da ya dawo daga kasuwa a gajiye, aka ƙara masa mangala biyu aka kora shi kan tudu, kowa ya san abin da zai faru. Abin tausayi shi ne, da an ga mace ta fara kumbura sai tsofaffi su ce sanyi ne, wanka bai yi ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Wanda aka kawo asibiti da wuri kuwa, aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa da na ƙarfafa zuciya, galibi cikin 'yan kwanaki ta kan sami sauƙi.

Abin da aka gano daga baya

Ilmi ba ya tsayawa wuri guda. Daga 2017 zuwa 2018 likitocin zuciya na Nijeriya, bisa jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano, suka sake bin wannan ciwo a asibitoci da dama, suka duba mata fiye da 400. Suka tarar har yanzu a nan Arewa maso Yamma ya fi yawa. Amma da suka gwada masu ciwon da matan da suka haihu lafiya, ba su ga cewa wanka da kunun kanwa su ne tushensa ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. A wani bincike na Kano kuma an tarar da yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari a jini wanda a ke kira siliniyam, wanda jiki ke samu daga abinci.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe a ci gaba da gashi. Maganar ita ce, ciwon yana da saiwa fiye da ɗaya. Macen da ta shiga ciki a rame, ba ta je awo ba, jininta ya hau ba a sani ba, ita ce mai raunin zuciya, kuma irin wannan zuciya babu likitan da zai yarda a ɗora mata kanwa da wuta. Ban da haka, tafasasshen ruwa ya kan ƙone fata, kuma ma'aikatan asibiti sun sha ganin mai jego da gyambon ƙuna a baya da cinya.

Ƙidayar haihuwa ta Zariya

Akwai wani aiki na biyu da ya kamata ku sani. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison, ɗan Nijeriya ne daga ƙasar Ribas, shi da abokan aikinsa suka rubuta labarin kowace haihuwa da aka yi a asibitin Zariya, har guda 22,774, aka buga a 1985. Abin da ƙidayar ta nuna ba shi da wuyar ganewa. Matan da suka mutu, mafi yawansu nesa ba kusa ba, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su a makare bayan an sha wuya a gida. Waɗanda suka yi awo kuwa kaɗan ne ƙwarai suka rasa rayukansu. Hatsarin ya fi yawa ga yarinyar da ba ta wuce shekara 15 ba, da macen da ta haihu sau da yawa. An kuma ga wani abin sha'awa, cewa 'yan mata ƙanana masu cikin fari da aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro, da yawansu sun ƙara tsawo a cikin watannin cikin. Watau yarinyar kanta ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya, har aka yi babban taro a Nairobi a 1987 a kan ceton rayukan mata wajen haihuwa, a shekarar da aka kafa Jihar Katsina.

Yoyon fitsari

In ƙugun mace ya yi wa kan jariri kaɗan, ta kwana biyu ko uku tana naƙuda, kan ya kan danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta tashi fitsari na bin ƙafarta dare da rana. Yankan gishiri da a ke yi da aska in haihuwa ta yi gardama, shi ma ya kan huda mafitsara, ko ya jawo zubar jini. Da, irin waɗannan mata a kan sake su, su koma gida a ware musu ɗaki da kwano. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin Babbar Ruga a Katsina domin aikin kuturta, ya tarar da su, ya soma ɗinke su a 1984. Tun daga lokacin an yi wa mata dubbai aiki a can, kuma asibitin ya zama cibiyar Gwamnatin Tarayya ta wannan ciwo. In akwai mai yoyon fitsari a gidanku, ku sani ba maita ba ce, ba iska ba ce, kuma yana warkewa. Ku zo a ba ku takarda.

To, yaya za a yi yanzu?

Ke mai ciki, da kin ga wata 2 sun wuce ba ki ga al'ada ba, ki zo awo. Kada ki jira sai ciki ya fito. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, na farko a cikin wata 3 na fari. A wurin awo za a auna jininki ko ya hau, a duba fitsari, a duba ko kina da isasshen jini, a ji kwanciyar yaro. Za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini, ki sha kullum. In kin ga bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin maganin ne, kuma ba ya sa yaro ya yi girman da zai hana haihuwa. Bayan wata 3 za a riƙa ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata, aƙalla sau 3. Ki kwana cikin gidan sauro. Za a yi miki allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora sau 2, mako 4 tsakani, kuma macen da ta cika 5 ta sami kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta.

Abinci ba sai na kanti ba. Ƙasarmu ƙasar noma ce: ga wake, ga waken suya, ga gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ga zogale da rama da alayyafo, ga nono, ga ƙwai. Maganar da a ke yi wai mai ciki in ta ci ƙwai za ta haifi ɓarawo ba ta da tushe. Ki ci, ki ƙara a kan yadda kika saba.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Zubar jini ko kaɗan ne. Ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu. Jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Fashewar faya ba tare da naƙuda ba. Yaro ya daina motsi. Naƙuda ta kai awa 12 ba a haihu ba. Jijjiga ba aljanu ba ne, hawan jini ne, kuma akwai allurarta a asibiti. Kada a tsaya turare da hayaƙi. Addu'a kuwa a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya.

Kai maigida, nan ne aikinka. Mace da yawa ta mutu tana jiran izinin mijin da ya tafi gona ko cin kasuwa. Ka faɗa tun yau, a gaban mahaifiyarka da ƙanenka, cewa in abu ya taso a tafi da ita ko ba ka nan. Da kaka, in ka sayar da masara ko auduga, ka ware kuɗin mota da na magani kafin ka ware na ragon suna. Ka san direban da za ka kira, ka san 'yan'uwa 2 da za su ba da jini in an bukata. In ƙauyenku yana bayan rafi da ke cika da damina, ko hanyarku ba ta biyuwa da dare saboda halin da a ke ciki, ka kai ta wurin dangi a Funtuwa ko Malumfashi ko wani garin da ke da asibiti tun watan haihuwa bai kama ba. Goyon ciki al'adarmu ce, sai dai a zaɓi gidan da ya fi kusa da likita. Mai cikin fari, da mai ƙananan shekaru, da wadda ta haihu sau 5 ko fiye, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa aiki, waɗannan lalle a asibiti ya kamata su haihu.

Jariri

Da ya faɗo a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su. Kada a yi masa wanka sai ya kwana ɗaya, don sanyi ya fi dauɗa yi masa lahani. A sa shi a nono cikin awa ta farko. Dakashi, watau ruwan nonon farko mai kauri wanda a da a ke matsewa a zubar, shi ne rigakafinsa na fari, kada a hana shi. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko da bazara ce, gama akwai ruwa a cikin nono. Ruwan rijiya da jiƙo su ne ke kawo gudawa.

Cibiya a yanke ta da sabuwar reza, a shafa maganin da a ke bayarwa a asibiti mai suna kulohezidin, a cibiya kaɗai, kada ya kusanci ido. Kada a sa toka ko man goge baki ko kashin dabba, kada a gasa ta da tsumma. Ta nan ne ciwon sarƙe haƙora ke shiga, jariri ya ƙi nono wajen kwana 7, ya sandare. Cire belu da tsaga ba su da amfani a gare shi, sai zubar jini da shigar ƙwayar cuta.

Rigakafi kuwa, wanda ya ke shakka ya tambayi tsofaffin garinsu labarin agana, yadda ta ke shiga gari ta bar makafi da kaburbura. Da lamba aka kore ta, har aka shelanta a 1980 cewa ta ƙare a duniya. Shan inna ma an tabbatar a 2020 cewa irinta na asali ya ƙare a Afirka, ko da ya ke har yanzu ana ɗiga maganin don tsaro. Ku kawo jariri a makon haihuwa, sa'an nan a mako 6, da 10, da 14, sa'an nan a wata 9 don ƙyanda da shawara, ku komo a wata 15. Ku adana katin kamar takardar gona.

Jego

Ku iyayenmu mata, ba a ce ku bar jego ba. Ku bar mata hutunta na kwana 40, ku ba ta nama da romo da kunun gyaɗa, ku zauna kusa da ita. Abu 3 kawai mu ke roƙo. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda za ki iya tsoma gwiwar hannunki ki bar ta a ciki. A daina hura wuta ƙarƙashin gado ko ajiye garwashi a rufaffen ɗaki. Kanwa a rage ta ƙwarai, wadda kuma aka ce jininta ya hau, ko ta taɓa kumbura a wani jegon, kada ta sha ko kaɗan. In mai jego ta fara tari da dare, ko haki in ta yi 'yar tafiya, ko ta kasa kwanciya sai an tara mata matashi, ko ƙafa ta kumbura, to ba sanyi ba ne, zuciya ce, a kawo ta ran nan. Haka kuma in jini ya ƙi tsayawa, ko yana wari, ko zazzaɓi ya kama ta. Wadda ta taɓa yin ciwon zuciyar jego kada ta sake ɗaukar ciki sai ta shawarci likita, gama ya kan dawo. Kowace mace ma ya kamata ta huta shekara 2 kafin wani cikin, kamar yadda iyayenmu ke yi sa'ad da su ke gudun kwanika.

Rai da ajali a hannun Allah su ke, babu mai musun wannan. Amma manomin da ya dogara ga Allah ba ya barin gonarsa ba noma. Ku tambayi ranar awo a ɗakin shan maganin garinku, ku zo da katinku. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.